Dambun nama nake yi: in biya kuɗin talla ko in bar wa bakin mutane?

Maman Yara (Hotoro, Kano)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san harkar ya yi min bayani yadda zan gane.

Sana'ar dambun nama nake yi a gida. Ina yin na sa da na kaza, amma na sa ya fi tafiya. Tsoka zalla nake sa mahauci ya yankar min, ba kitse ba jijiya, in dafa da albasa da citta da kanumfari da masoro har ruwan ya tsotse, a daka a turmi, sannan in soya da man gyaɗa a wuta kaɗan-kaɗan har ya bushe. Roba iri uku nake zubawa, ƙarama da matsakaiciya da ɗan bokiti. Masu sayena yawanci matan unguwa ne, sai abokan aikin ƙanwata a asibiti, sai iyayen da 'ya'yansu ke makarantar kwana. Na fi ciniki lokacin komawar ɗalibai, da azumi saboda sahur, da bayan Babbar Sallah da ake kawo min naman layya in mayar dambu a biya ni kuɗin aiki.

To ga abin da ya kawo ni. Na kwashi adashi, bayan na yi hidimar gida naira 150,000 suka rage, kuma sana'ar na yi niyyar zuba wa su. Maigidana ya ce in kai gidan rediyo a yi min talla, wai shi a shago rediyo tun safe har dare a kunne take, kuma duk wani mai maganin gargajiya da ya yi suna a garin nan ta nan aka san shi. Ƙanina ya ce rediyo ta tsofaffi ce, in nemi wata mai tarin mabiya a TikTok ko Instagram ta ci a gaban kyamara ta yaba. Ita kuwa Umma da na gaya mata dariya ta yi. Ta ce ita da take alkaki da nakiya ko allo ba ta taɓa kafawa a ƙofar gida ba, amma har daga Wudil da Bichi ana aiko mata. Ta ce in ƙara nama da mai, mutane za su yi min tallan da kansu.

Maganar Umma ta fi kwanta min a rai, domin duk wadda ke saye a wurina yanzu wata ce ta turo ta. Amma abin tafiyar hawainiya yake yi, ga kuɗin nama da gas da na adaidaita sahu kullum sama suke tun da aka cire tallafin mai a 2023. Kuma ni kunya nake ji in dubi mace in ce don Allah ki tallata ni. Shin akwai yadda ake sa mutane su riƙa maganar kayanka ba tare da ka zama mai naci ba? Ko kawai in rufe ido in biya tallan?

Ɗan Farm Centre

Wa alaikumus salam Anti. Ni waya nake sayarwa, kuma ina biyan talla a Facebook da Instagram, don haka ina tare da ƙaninki, amma rabi.

Bakin mutane yana da iyaka. Danginki ne, da unguwarku, da asibitin su ƙanwarki. Idan kika zagaye su sai a dawo ana maimaita fuskoki ɗaya. Matar da ke zaune a Gwarinpa a Abuja tana marmarin dambun Kano ba ta san Ummanku ba, ba ta san kowa naki ba, ta yaya labarin zai kai mata? Shi tallan Facebook ke za ki zaɓi gari, ki zaɓi mata, ki zaɓi shekarunsu, ki sa abin da za a cira kullum, ki tsayar duk sanda kika ga dama. Akwai wanda mutum yana dannawa zai kawo shi WhatsApp ɗinki kai tsaye. Ki dai sani tun watan Janairun 2022 suna ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan kuɗin. Ki ware kamar 20,000 ki gwada, kada ki zuba duka.

Maganar mai tarin mabiya kuwa ban ba ki goyon baya ba. Na ga yadda take ƙarewa. Ranar da ta ɗora bidiyon wayarki ba za ta huta ba, kowa "nawa ne?", ki faɗa, shiru. Washegari ta ɗora na mai turaren wuta, an manta da ke. Yawancin masu kallonta ita suka zo gani, ba dambu ba.

Hajiya Dillaliya (Gwammaja)

'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Ummanki ta yi gaskiya, sai dai ba ta gaya miki duka ba, don su mutanen da suna yin abin ne ba tare da sun zauna sun lissafa shi ba. Ni dillanci nake tun ina da ƙuruciyata, gida-gida, atamfa da zannuwan gado da kayan ɗaki, yanzu ƙafa ta gaji na koma waya. Bari in gaya miki abin da na gani.

Da farko ki cire wannan kunyar, don ba a roƙon mace ta tallata ki. Wadda kika roƙa za ta ce "in sha Allahu" ta ɗora hotonki sau ɗaya don kada ki ji haushi, shi ke nan. Mace ba don tana son ki take maganar kayanki ba. Tana yi ne don a ce ita ta san inda ake samun abu mai kyau. Idan baƙi suka ci dambunki a gidanta suka ce "kai wance, ina kika samo wannan?", ita aka yaba, kuma da alfahari za ta karanto lambarki. Aikinki shi ne ki sa a yi mata wannan tambayar.

To a ina ake yin tambayar? Inda ake ci a gaban mutane. Dambun da aka saya aka kulle a ɗaki ana ɗiba da daddare bayan yara sun yi barci, wannan kuɗinsa kawai kika ci. Wanda ke jawo wani shi ne wanda aka buɗe a ofis, ko gidan suna, ko cikin gara, ko ɗakin kwanan ɗalibai. Ke da bakinki kin ce iyayen 'yan makarantar kwana na saye, ban sani ba ko kin lura da abin da ke hannunki. Yarinya ta buɗe roba a ɗaki, duk 'yan ɗakin sun miƙo hannu, ranar ziyara kowacce ta ce wa uwarta ita ma irin na wance take so. Uwar za ta ɗauki robar ta juya ta tana neman lamba. In babu, kin yi wa wata mai dambun talla. Saboda haka sitika a jikin roba da kuma kan murfi, domin murfi ɓata yake, kuma ki ce wa mai bugawa irin wadda mai ba ya gogewa kike so. Suna da lamba manya, ba sai kin cika ta da furanni ba.

Sai maganar gyara, kuma nan ki buɗe kunne. Kowa na yin gyara, amma yawanci a cikin robar suke ƙarawa. Wannan cikin mai saye zai tafi, ba wanda zai sani. Ki sayi 'yan ƙananan robobi irin na zuba yaji, ki zuba cokali biyu ko uku, ki manna lambarki, ki haɗa mata daban ki ce "wannan na maƙwabciyarki ne" ko "ki kai wa abokiyar aikinki ta ɗanɗana". Abin da aka ba mace da sunan wata, da wuya ta cinye. Za ta kai, kuma za ta kai da bayani. Naman da kika ƙara ɗaya ne, amma wannan ya shiga gidan da ba ki taɓa takawa ba.

Kuma ba kowa ake bai wa ɗanɗano ba. Masu sabuwar sana'a sukan ɗauki babbar roba su kai wa wata hamshaƙiyar Hajiya suna ganin ita ce mai jama'a. Za ta yi godiya, 'yar aiki ta sa a firji, a manta. Ki nemi wadda mata ke zama a gabanta su daɗe: mai kitso, mai lalle, tela, uwar adashi, malamar Islamiyya ta matan aure. Sannan kowane dangi akwai mace ɗaya da in biki ya taso ita ake kira a ce ina za a yi dubulan, wa zai yi cincin, wa ke da turare mai kyau. Ba lallai ta zama mai kuɗi ba, sau da yawa ma ita ce ba ta da shi. Idan kika samu irin wannan guda biyu ko uku suka yarda da hannunki, kin samu abin da kuɗinki ba za su saya miki a rediyo ba.

Ki sayi littafi. Duk sabuwar da ta kira, bayan gaisuwa ki ce "wa ya ba ki lambata?" ki rubuta. A ranar ki kira wadda ta turo, kira ba saƙo ba, ki ce wance ta zo, na gode, Allah ya bar zumunci. In ta tashi saye ki ƙara mata abin da za ta gani da idonta. Kada ki ce mata "ga ladan turo min mutum", wasu za su ji kamar kin mai da su 'yan kamasho. Tukuici ne, a bar shi a tukuici. Bayan 'yan watanni ki duba littafin, za ki ga sunaye kaɗan ne ke ta maimaituwa. Su ne jarinki, su za ki fara tunawa da goron Sallah.

Abin da ke kashe wannan hanya kuwa ɗaya ne: canza hannu. Nama ya yi tsada, sai mai sana'a ta ƙara mai don ya yi nauyi, ko ta cika albasa, ko ta sauke kafin ya bushe, bayan mako ya fara wari. Wadda ta saya ba ke za ta zarga ba, wadda ta turo ta za ta kira ta ce "wannan ne abin da kike ta kurantawa?" Kin kunyata ta a gaban ƙawarta. Ba za ta taɓa zuwa ta yi miki ƙorafi ba, shiru kawai za ki ji, ita da duk mutanenta. In nama ya tashi ki ƙara kuɗi ki faɗa musu gaskiya. Za su yi mita, amma za su dawo.

Kuɗin nan da ni ce: sikeli don awonki ya zama ɗaya kullum, sitika, ƙananan robobi, sauran duk nama da mai.

Tsohon Ɗan Kwari

Hajiya ta gama magana, ni ɗan ƙari zan yi ta ɓangarenmu na maza, da kuma gargaɗi.

A Kantin Kwari baƙi na zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, mutum bai taɓa ganin ka ba, ya shigo layi yana tambayar shagon wane, domin wani ɗan garinsu ya ce masa je ka wurinsa, ba ya cuta. Haka kasuwancin ƙasar nan yake tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro: sunan mai masauki da dillali a bakin ayari yake tafiya. A wurinmu la'ada ba abin kunya ba ce, wanda ya kawo maka mai saye ka ba shi nasa, kowa ya sani. Sharaɗin kawai kada a ɗora ta a kan baƙon a ɓoye.

Game da shawarar maigidanki, ki ba shi haƙuri. Rediyo tana aiki, amma ga kayan da in ka ji tallansu za ka same su a shagon da ke kusa da kai, kamar sabulu ko taliya, ko mai magani da ke da wakilai a kowace unguwa. Naki a ɗaki ɗaya yake a Hotoro. Mai sauraro yana tuƙi ko tana wanke-wanke, sai ya nemi biro ya rubuta lamba goma sha ɗaya kafin a wuce. Kuma talla sau ɗaya ko biyu ba ya zama a kunne, sai an yi ta maimaitawa, kuɗinki ba za su kai nan ba. Sannan akwai doka. Abincin da aka zuba a mazubi ana sayarwa da suna, a ƙa'ida sai ya yi rajista da NAFDAC kafin a yi masa talla, kuma hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke tantance tallace-tallace, har na intanet ta ce suna ƙarƙashinta. In kina son wata rana kayanki su hau kantar manyan shaguna, ki fara tanadin wannan lambar tun yanzu.

Gargaɗin shi ne, baki yana kai alheri yana kuma kai sharri da gudu ɗaya. MMM, tsarin nan na zuba kuɗi da alkawarin riba mai yawa, ba ta rediyo ta shiga gidajen mutane ba, ɗan'uwa ne ya kawo ɗan'uwa, aboki ya kawo aboki, har aka rufe asusun mutane a Disambar 2016, zumunci da yawa ya lalace. Mutane sun sha wannan, yanzu suna tantance yabo. Don haka abin nan da 'yan kasuwar waya ke yi, su sa ƙannensu su turo musu saƙon yabo su ɗauki hotonsa su ɗora kamar na mai saye, kada ki kusance shi. Algus ne, kuma hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ko yabon gaskiya ne, ki nemi izinin mai shi, ki rufe lambarta kafin ki ɗora.

Maman Yara (Hotoro, Kano)

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganar gyara daban ɗin nan ta shige ni, wallahi a cikin robar nake dannawa har murfi ya ƙi rufuwa. Baba, zan karanta wa maigida naka da bakinka, ya fi jin ta maza.

Amma ga wata matsalar da ban faɗa ba, kuma ita ta sa har na fara tunanin talla don in samu baƙin ido. Duk wadda aka turo sai ta ce "ai wance ce ta turo ni", ma'ana a rage mata. Wasu kuma su karɓa su ce sai ƙarshen wata, ni kuma ina jin nauyin wadda ta turo su, ba na iya tambaya. Dangi kuwa ba a magana. Akwai wadda ta karɓi bokiti biyu na garar 'yarta, amarya har ta haihu ban ga ko sisi ba, kuma muna haɗuwa a sabga mu gaisa kamar ba komai. Mahauci shi ba ya jira. Idan mutanen da baki ke kawowa irin waɗannan ne, anya ba gara baƙon da zai biya ya tafi ba?

Hajiya Dillaliya (Gwammaja)

Wannan ba laifin hanyar ba ne 'yata, ƙofa kika bari a buɗe. Farashi ɗaya ga kowa. Wadda ta ce wance ce ta turo ta, ki ce madalla, wance ma haka take saye. Alherin na wadda ta turo ne, ba na wadda aka turo ba. In kika rage wa ɗaya, da ragin za ta kai labarinki gaba, ta uku ta zo tana neman ƙasa da haka.

Bashi kuma ki yanke shi da dalilin da ba mai musawa: da kuɗin oda nake sayen nama. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 har tsofaffi irina mun koyi tiransifa, ba wadda za ta ce ba ta da yadda za ta turo. Babbar oda irin ta biki a ba da kuɗin nama da mai tukuna, sauran ranar ɗauka, kafin kaya su fita daga zaure. In bakinki ba zai iya ba, ki ba ƙanwarki ko ƙaninki wayar sana'ar, ki ce lissafi a hannunsu yake. 'Yan'uwa kuwa in biki ya zo, ki ɗauki roba ɗaya ki kai da hannunki ki ce ga gudummawata, a gaban mutane. Kin fita. Abin da ya wuce wannan ciniki ne. Na bokiti biyun nan ki aika wa mai shi ta bakin babbar da take jin nauyi, sau ɗaya, in bai fito ba ki bar wa Allah, amma kada ta ƙara ganin na uku.

Ɗan Farm Centre

Na yarda da Hajiya, amma ban janye tawa ba. Abin da take faɗa akwai kamfanin da ya ginu a kansa a Amurka, Tupperware, masu robobin ajiye abinci. A 1951 suka janye kayansu daga shaguna, mata ke tara ƙawaye a gida a nuna musu a saya, mai gidan ta samu kyauta. Sun yi shekaru suna cin kasuwa a haka. Amma a Satumbar 2024 sun shigar da takardar karayar arziki a kotu, kuma cikin dalilan har da jinkirin da suka yi wajen bin masu saye zuwa intanet. Don haka Anti ki haɗa biyun.

Ko ba ki biya ko kobo ba, ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, ki jera robobin da farashinsu a ciki don ki huta da amsa "nawa ne". Sitatus awa 24 yake yi, kuma ba mai ganin sa sai wanda ya ajiye lambarki ke ma kika ajiye tasa, saboda haka duk wadda ta saya ki ce ta ajiye. Jerin aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa yana ɗaukar har 256, shi ma sai wadda ta ajiye lambar zai isar wa. Ki riƙa ɗora bidiyon suyar da kanta, hannu da ludayi da kasko sun isa, ba sai fuska ta fito ba. Kada kuma ki jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba, fita za su yi da haushinki.

Maman Yara (Hotoro, Kano)

To na tsayar da magana. Sikeli da sitika da ƙananan robobi wannan makon, rediyo a ajiye ta. Zan ware 20,000 ɗin da Ɗan Farm Centre ya ce na tallan Facebook, amma sai dab da komawar ɗalibai zan gwada. Tambaya ta ƙarshe: akwai mata biyu a Zariya da ke so, ban taɓa aikawa wajen gari ba. Ta mota ake bayarwa?

Hajiya Dillaliya (Gwammaja)

Ta mota, a tashar Unguwa Uku. Ki bari ya huce sarai kafin ki rufe, in ba haka ba zai yi gumi. Ki naɗe murfin da salatif, ki sa a leda biyu, ki rubuta sunan mai karɓa da lambarta a jiki, ki karɓi lambar direba da ta motar ki tura mata. Kuɗin mota nata ne, ki gaya mata tun kafin ki ɗora tukunya. Shi ma direban ki miƙa masa ƙaramar roba ɗaya.